Kaskon Turaren Dada

Idan aka tambaye ni aikin matata nakan ce likita ce. Sai in bari mai tambayar ya gyara zama ya fara ba ni labarin ciwon bayansa, sannan in ƙara da cewa, amma ta hotuna. Sa'adiya ba ta son wannan wasan. Ta ce ilmin sinadarai ta karanta a Zariya, da guminta, kuma aikinta yana da suna mai mutunci. Na yarda. Sunan ne ya yi mini tsawo.

Ga abin da take yi. A kawo mata zanen fenti da ya fara lalacewa, wanda ya tsattsage, ko ya dushe, ko wani abu ya feso masa a fuska. Ta kankare ɗan mitsitsin da bai kai ƙwayar gero ba, ta narkar da shi, ta ba na'ura, na'urar ta faɗa mata abin da ke ciki. Sai an san wannan ake sanin ko za a goge, da me za a goge, ko kuwa a bar shi yadda yake. Tana da wata magana da na ji har na haddace: rabin hotunan da ke mutuwa a garin nan masu gyara ne suka kashe su, don sun hau gogewa ba su tsaya sun tambayi hoton abin da ke damunsa ba.

A Gwagwalada aka haife ta, a shekarun da Abuja take jar ƙasa da ƙarar buldoza. Mahaifinta, marigayi Malam Badamasi, mai rubuta alluna ne. Duk kamfanin da ya sauke kaya zai yi titi ko gada, shi ake nema ya rubuta musu suna da manyan baƙaƙe a bakin hanya. Da wannan yake ciyar da gida. Amma ranar da babu aiki sai ya ɗaure katako da fenti a bayan keke ya nufi wajen Paikon Kore, ya zauna a gindin bishiya yana zana shanun Fulani. Mutane suka ce aikin banza. A wajen aikin banzan nan ya samo mata, wato Dada, surukata, wadda ta zo kallon mutumin da ke zana saniyar babanta ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Sa'adiya ta tashi cikin warin fenti da kananzir, ita ke wanke wa Malam buroshi. Hannunsa dai ba ta gada ba. Har yau in ta zana saniya sai ka rantse tebur ne. Abin da ta ɗauko daga shagonsa tambaya ce: me ya sa wani fenti ke bushewa kafin wani, me ya sa allon bara ya dushe na bana yana ƙyalli. Da ta gama jami'a, 'yan ajinsu suka watsu neman aiki a kamfanonin mai, ita kuwa ta karɓi aiki a wata hukuma mai kula da zane-zanen da ke rataye a gine-ginen gwamnati. Ƙawayenta suka yi mata jaje kamar wadda aka yi wa rasuwa. Ita ko a jikinta.

Kuma aikin ya zo mata a kan gaɓa. Mulkin farar hula ya dawo, gari ya cika ya batse, manya suka gano cewa falo ba ya cika falo sai da zane a bango. Aka saya, aka rataya, aka manta. Bayan 'yan shekaru sai aka fara kiran Sa'adiya zuwa gidajen manya a Maitama. A wani gida mai aiki ne ke goge zanen kullum da jiƙaƙƙen tsumma, tare da tebur da talabijin. A wani gidan an rataye shi daidai bakin na'urar sanyaya ɗaki, in an kawo wuta ya sha sanyi, in an ɗauke ya sha zafi, har fentin ya gaji ya fara tashi. Takan dawo gida tana faɗa ita kaɗai, ni kuwa in yi ta cin tuwona ina cewa Allah ya kyauta. Ina jin daɗin faɗan nan nata, gaskiya. Mutum ne da ya samu abin da yake so, kuma ba kowa ke samun haka ba.

Bayan rasuwar Malam, muka matsa wa Dada ta dawo wajenmu a Gwarinpa. Ta zo da akwati guda, da kaskon turare, da hoto ɗaya. Sauran zanen Malam duk sun tafi, wasu ya bayar kyauta, wasu gara ta cinye. Wannan kaɗai ya rage. Shanu ne suna gangarawa rafi da yamma, ga baƙin bijimi a gaba, a gefe kuma wata mace ta juya baya, ƙwarya a ka, da shuɗin mayafi. Ba a ganin fuskarta, amma duk wanda ya taɓa ganin Dada tana tafiya ya san ita ce. Aka rataye shi a ɗakinta, daura da gado.

Dada kuwa gwanar turaren wuta ce. Wata maƙwabciyarta 'yar Barno ta koya mata tun suna Gwagwalada, ita kuma ta ƙara da nata. In ta zauna haɗi, da sandal da kajiji da farce da sauran abubuwan da ba ta faɗa, layinmu gaba ɗaya sai ya sani. Ba a jima ba matan unguwa suka gane ƙofarmu. Lokacin da Malam ke da rai, duk safiyar Juma'a takan kifa babbar rigarsa a kan kasko kafin ya tafi masallaci. Da ya rasu ba ta daina ba, sai dai yanzu babu riga. Takan hura garwashi, ta zuba turaren, ta ajiye kaskon a ƙasa daidai ƙarƙashin hoton, ta zauna a bakin gado tana jan carbi har hayaƙin ya ƙare.

Wata Juma'a Sa'adiya ta shiga gaishe ta, idonta ya sauka a kan hoton. Wani fari-fari ya fito a kan shuɗin mayafin, kamar an barbaɗa garin gishiri. Ta matsa kusa, ta duba, ta dubi kaskon da ke hayaƙi a ƙasa. A makon nan ne kuma ta gama da wani zane daga Maitama da hayaƙin turare ya dafe shi. Ba ta ɓata lokaci ba.

"Dada, hayaƙin nan ne ke cin hoton Baba. Kin ga abin da ya fara yi?"

Dada ta tashi ta duba da kyau. Ta ce, "Ni na yi wannan?"

"Ba da gangan ba, Dada. Ki riƙa yi a falo, ko a tsakar gida. Nan ne kawai ba na so."

Dada ta sunkuya. Ta ɗauki kaskon ta fita da shi, ta zubar da garwashin, ta wanke shi tas, ta tura shi ƙarƙashin gado. Ba ta yi a falo ba, ba ta yi a tsakar gida ba. Matan unguwa suka zo da kwalabensu, ta ce musu ta daina, ƙirjinta ba ya son hayaƙi. Ni na san ƙirjinta lafiya lau. Na taɓa jin tana gaya wa 'yarmu Khaula cewa abu ɗaya mutumin ya bar mata, shi ma ta ɓata shi da hannunta. Wannan maganar ta tsaya mini a rai.

Gidan ya koma warin sabulu da maganin sauro. Safiyar Juma'a Dada takan zauna a bakin gado da carbinta kamar da, amma ba ta ɗaga kai ta kalli bango. Sa'adiya ta ga haka, ta damu, ta sayo mata turaren fesawa mai tsada. Dada ta yi godiya ta ajiye shi a kan taga, yana nan har yau ba a buɗe ba.

Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, babu hayaƙi ko na ashana a ɗakin nan. Farin kuwa bai tsaya ba. Ya cinye rabin mayafin, ya gangaro har gefe. Ni ba masanin sinadarai ba ne, amma ina da ido, kuma ina da baki, wanda shi ne matsalata tun ina yaro. Wata ranar Asabar muna karin kumallo na ce:

"Maman Khaula, wai hoton nan kin tambaye shi kuwa?"

Ta ce, "Wane hoto?"

"Na Malam. Na ji wata likita tana cewa rabin hotunan garin nan masu gyara ne ke kashe su, don ba sa tambaya."

Ta ajiye kofin shayi ta kalle ni. Na ci gaba da shafa wa burodina bota kamar ba ni na yi maganar ba. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. A na uku ta same ni ina wanke mota, ta tsaya a bayana ta ce, "Ban iya sa masa wuƙa ba ne, Baban Khaula. Na kowa ina kankarewa hannuna ko rawa ba ya yi. Na Baba ne na kasa, sai na yi zato na kira shi sani." Tausayinta ya kama ni. Na ce to yanzu fa? Ta ce ta riga ta nemi izinin ogansu, ya ce ta kawo.

Da safe ta yi aikin, taga a buɗe don haske. Dada ta fice tsakar gida, ta ce ba za ta iya gani ba. Ni na riƙe hoton a kan tebur. Sa'adiya ta sa gilashin ƙara girma a ido, ta ɗauko 'yar wuƙarta mai siririn baki, ta yi bisimilla. Ta ɗebi kaɗan daga farin, kaɗan daga gefen mayafin inda katakon firam ke rufewa, kaɗan daga sararin sama inda babu abin da ya fito. Duk abin da ta ɗiba in ka haɗa ba zai cika idon allura ba, amma da ta gama sai da ta zauna ta sha ruwa. Ta kuma nuna mini wani abu a gilashin: fiffiken ƙuda, maƙale a cikin shuɗin fentin, ya nutse rabi.

Ranar da sakamako ya fito na je ɗaukarta daga ofis, sai na tarar ba ta da niyyar fitowa. Tana tsaye a bayan Thaddeus, abokin aikinta mai kula da na'urar, su biyun sun zuba wa kwamfuta ido. Abin da ke fuskar kwamfutar wani layi ne mai hawa da sauka, ni ban ga komai a ciki ba.

Thaddeus ya ce, "Oga, zo ka gani. Madam ya ce hayaƙi, hayaƙi. Wannan abu ba hayaƙi ba ne fa. Na yi running sau biyu, same thing."

Na ce, "To mene ne?"

Ya ce, "Man gyaɗa. Wanda ana soya ƙosai."

Na ɗauka wasa yake. Sa'adiya ta yi mini bayani a hankali, idonta bai bar kwamfutar ba. Masu zane suna dama fenti da wani mai na musamman da ake shigowa da shi daga waje, mai bushewa ya yi tauri. Irinsa Malam ya sa a sararin sama da shanu da rafi, shi ya sa suke lafiya. Amma a mayafin an gauraya shi da man gyaɗa, wanda na'urar ta gane ta wasu nau'o'in kitse da ke cikinsa. Man gyaɗa kuwa ba ya bushewa da gaske. Shekara da shekaru kitsensa yana tasowa a hankali, in ya iso sama ya daskare ya zama farin gari. Daga cikin fentin abin yake fitowa. Hayaƙin Dada ya bar ɗan baƙi kaɗan a saman hoton, wanda auduga za ta ɗauke, amma farin nan ba ruwansa da shi.

Muka shiga mota muka kamo hanyar Gwarinpa. Sai da muka kusa gida ta ce, "Shekara biyu na hana ta." Na ce ai yanzu sai ki je ki gaya mata. Ban ƙara ko kalma ba, kuma ina so a rubuta mini wannan a cikin ayyukana na alheri.

Bayan la'asar muka shiga ɗakin Dada. Ni na tsaya daga bakin ƙofa, kamar yadda ya kamata suruki ya yi. Sa'adiya ta durƙusa a gabanta ta faɗi komai, ba ta rage ba, ta ce, "Ba turarenki ba ne, Dada. Ni ce na yi gaggawa. Ki yafe mini."

Dada kamar ba ta ji ƙarshen maganar ba. Ta ce, "Man me kika ce?"

"Man gyaɗa."

"Na miya?"

"Shi, Dada."

"A ina da ina?"

"A mayafin kawai."

Dada ta rufe fuska da mayafinta. Can sai kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, har na fara neman hanyar fita, sai na ji dariya. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, har hawaye suka zubo, daga nan kuma ban iya bambance wanne ne wanne ba. Da ta samu numfashi ta ce, "Badamasi! Kai Badamasi!" Ban taɓa jin ta kama sunansa ba sai ranar.

Ta ba mu labarin. A shekarun tsuke bakin aljihu ne, lokacin da sai an yi layi ake samun sabulu da mai. Kayan zane suka ɓace daga kasuwa. Ita kuwa ta ɓoye kwalbar man gyaɗa guda a bayan randa saboda girkin Sallah. Ranar jajiberi ta ɗauko, ta tarar ta koma rabi. Ta tambayi Malam, ya ce ƙila kwalbar ke yoyo. Ta ce ina ya zuba, ƙasa a bushe? Ya ce ƙila ƙasar ta shanye. Suka yi Sallah da miya fara fat, ita kuma ta yi mako ba ta dafa masa shayi ba. Duk shekara in Sallah ta zo sai ta tayar da maganar, shi kuma ya ce yoyo ne, har ya koma ga Allah bai canza baki ba.

Ta ce, "Shi ya sa wajen nan ya ƙi bushewa! Wata da watanni yana fitar da shi rana, yana korar ƙuda da mafici. Na ce Malam me ya samu hoton, ya ce damina ce." Ta share ido da gefen mayafinta, ta ɗaga kai ta kalli bango, karo na farko a shekara biyu. Ta ce, "Ashe a kaina ya juye shi."

Sa'adiya tana durƙushe har lokacin. Dada ta dafa kanta ta ce, "Tashi, 'yar Malam. Na yafe. Ke da ubanki duk kun hana ni abina, shi mai, ke turare. Amma ke kin fi shi, kin amsa laifi."

Sa'adiya ba ta ɓoye mata sauran gaskiyar ba. Ciwon hoton ba ya warkewa, tunda a jikinsa yake. Za a share farin da buroshi mai laushi, bayan wasu shekaru ya dawo, a sake sharewa. Amma hoton ba zai mutu ba in an kula da shi, an raba shi da zafi. Za kuma a sa shi a bayan gilashi, a bar 'yar tazara don kada gilashin ya taɓa fentin. In an yi haka hayaƙi ba zai kai gare shi ba. Dada ta ce in dai haka ne da sauƙi, ai ita ma hawan jininta ba ya warkewa, kuma ga ta nan.

Ranar sharewa Dada ba ta fita tsakar gida ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa, tana kallon shuɗin yana dawowa a ƙarƙashin buroshi. Da Sa'adiya ta iso can ƙasa, gefen mayafin, sai Dada ta riƙe mata hannu.

"Bar mini wannan."

"Dada, ai datti ne."

"Shaidata ce. Shekara nawa ina faɗa ana cewa yoyo."

Na zuba ido in ga yadda likita za ta yi. Ta kalli farin, ta kalli uwarta, ta ajiye buroshin. Wani mai haɗa firam a kasuwar unguwarmu, Manniru, ya yanka gilashin, Sa'adiya na tsaye a kansa tana ba shi umarni har ya ce da ya sani da ya ce ba ya nan. Farin yana nan a gefen mayafin, faɗin farce.

Juma'ar da ta biyo, ina shirin masallaci, na ga Sa'adiya a bayan kicin ta sunkuya tana hura garwashi, toka a goshinta. Ita da kanta ta jawo kaskon daga ƙarƙashin gado, ta kai wa Dada. Dada ta buɗe wata kwalba da ta ɓoye a ƙasan akwati, ta zuba. Ƙamshin ya cika gidan, har na ji maƙwabciyarmu ta ɗaga murya daga bayan katanga tana tambaya ko Dada ta warke.

Dada ta leƙo ta ce in kawo rigata. Na miƙa mata ina jin kunya, ta kifa ta a kan kaskon, ta juya ta, ta ba ni da ɗuminta. Sannan ta ɗauki kaskon ta ajiye a ƙarƙashin hoton, ta zauna a bakin gado ta ɗauki carbi. Ina fita na ji tana cewa, a hankali, "To Malam, an dai kama ka. Allah ya jiƙanka. Ga turarenka."